Gurbin Karatun da Zan Bari

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Guangzhou. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

An ba ni gurbin karatun likitan nan da nake buri tun ina yaro, amma ba zan karɓa ba. In na bar lodin kaya, wa zai riƙe gida da jinyar Baba?

Jiya a kasuwar tufafi ta Shisanhang na ba wani dattijo Bayahude labarin, shago ɗaya muke sarin kaya. Ya ce shi ma ya taɓa yin nasa burin, makaɗi ya so zama, sai mahaifinsa ya rasu, ya rungumi kantin tufafi don ƙannensa su yi karatu. Ya ce, "A gidanmu an koya mana cewa rayuwarka ba taka ba ce kai kaɗai."

Na ce, "To, zafin yana wucewa?"

Ya daɗe yana shafa wata riga, sannan ya ce, "Shekara arba'in ke nan. Ban yi nadama ba, amma bai wuce ba."

Yaya, ka sa ni a addu'a, zuciyata ta yi nauyi. Ka gaida Inna. Don Allah kada Baba ya ji an ɗauke ni, don na san zai ce in tafi.

Ƙaninka,
Nura