Abin da Ke Bayan Gwiwar Direba

Litinin, 3 ga Maris
An turo min wani direban babbar mota ɗakin sikanin, inda muke haska cikin jiki da na'ura, yana numfashi da ƙyar. Karo na biyu ke nan gudan jini yana toshe masa huhu, an rasa daga ina yake tasowa. Na duba ƙafafunsa a kwance, fes. Amma raina bai kwanta ba. Na ce, "Malam, daure ka miƙe, ka juya min baya." Matarsa ta tallafe shi. Ina ɗora na'ura a bayan gwiwar hagu sai ga abin: jijiyar da ke mayar da jini zuciya ta kumbura kamar ƙwan tantabara, jini na ta juyi a ciki yana daskarewa. Daga nan gudajin ke ɓallewa su wuce huhu.

Nan take na ɗauki hoton, na tura wa likitoci.

Talata, 4 ga Maris
Babban likita ya sauko da kansa, ɗalibai na biye. "Wa ya ce ki tsayar da shi?" Na ce ba kowa, ranka ya daɗe. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya juya: "Ku zo ku koyi aiki wurin Sista." Shekara ashirin da biyu a ɗakin nan marar taga, yau ya san da zamana.

Na ba maigida labari sau uku. Ya ce ko a buga a jarida ne?

Jumma'a, 7 ga Maris
An yi tiyata. An yanke kumburin, an ɗinke jijiyar. Alhamdulillahi.

Laraba, 19 ga Maris
Direba ya zo sallama da ƙafarsa, ba haki. Matar ta kama hannuna: "Sista, yara biyar gare mu." Daga nan sai kuka. Shi kuwa wai duk ranar da zan yi ƙaura, motarsa tawa ce.

Litinin, 24 ga Maris
Na ciro tsohon fayil ɗinsa don in nuna wa ɗalibai. Sikanin bara, bayan toshewar farko: "Ba a ga komai ba." Rubutuna ne. Sa hannuna ne.

Ai a kwance aka saba dubawa, kowa ma haka yake yi.

Ban mayar da takardar ba tukuna. Gobe da ita zan fara musu darasin, ina jin.