Jinin Matan Gidanmu Yana Wurinku, Amsa Muke Jira

Zuwa ga Shugaban masu binciken cutar dajin ƙwan mahaifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da abokan aiki. Ranka ya daɗe, sunana Rakiya, malamar firamare a Daura, amma asalinmu 'yan Sandamu ne. Lambar wayar da yaranku suka ba mu ta daina shiga, ofishinku kuma ban san inda yake ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Da godiya zan fara. Wannan cuta ita ta ɗauke mana Inna, bayan an daɗe ana ba ta jiƙe-jiƙen kumburin ciki. Da Yaya Hadiza ta fara irin wannan kumburi, likitar da ta duba ta sai ta tambayi abin da ya kashe mahaifiyarmu, daga nan ta tura ta hoto. An yi mata aiki, ta sha ƙarin ruwan magani har gashinta ya zube. Yau Yaya Hadiza ta koma kan keken ɗinkinta, gashi ya dawo har tana yi wa mai kitso tsiya, kuma a gidan biki ita ke fara zuba tuwo. Alhamdulillahi.

Tana kwance ne wata likita daga cikinku ta zaunar da ni, ta yi mini bayani da Hausa mai daɗi. Ta ce wani lokaci cutar gado ce, wata 'yar tawaya ce a ƙwayoyin halitta da 'ya'ya kan ɗauko daga uwa ko uba. Ta ce in matan gidanmu suka ba da jini, za a duba, kowace a faɗa mata matsayinta. Ga koke-kokena:

Na ɗaya. Ni na tara muku matan nan, kuma ba da sauƙi ba. Mazansu sun ce sai an ji ta bakin malamai, na je wurin limamin unguwarmu, ya ce neman magani ba ya karo da Shari'a. 'Yan'uwanmu na Dutsi suka bar girbin gero suka taho. Goggo Ladi, ƙanwar Inna, ta hau babur tun daga ƙauyensu na Mai'adua, ga ta da tsoron allura kamar yarinya. Ta rufe ido tana ta salati, aka gama aka sa mata auduga, tana nan tana tambaya yaushe za a fara. Mun yi dariya ranar har ma'aikatanku suka taya mu. Aka ce mu saurari kira. Damina ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce, shiru.

Na biyu. Kwanakin baya muna tsakar gida muka ji wani likita a rediyo yana cewa binciken da aka yi a kan iyalai na wannan yanki ya haifar da ilimi mai amfani. Wallahi mun ji daɗi. Goggo Ladi tana gidana ranar, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ai maganar jininta ake yi. Amma bayan an rufe shirin sai muka kalli juna. Duniya ta ji abin da aka gani a jininmu, mu masu jinin ba mu ji ba.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Likitarku ta ce wadda aka samu da wannan tawaya za a riƙa sa mata ido, kuma in ta gama haihuwa ana iya cire ƙwan tun kafin cuta ta kama. Ƙanwata Ummi ta riƙe wannan magana. Ita da mijinta sun kasa yanke shawara ko ta sake haihuwa ko ta tsaya, suna jiran ku. Ni kuma ina da 'ya mace da ta fara girma. Ko ƙwannafi ne ya taso mata sai gabana ya faɗi. A gefe guda wasu maƙwabta suna cewa sayar da jinin aka yi, kuma da ni aka haɗa baki. Ina mayar da abin wasa, amma na gaji da wasan.

Roƙona kaɗan ne. Ku turo likita mace ta zo asibitin Daura, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa wa kowace nata a asirce, da Hausa. In jinin ya lalace ko aikin bai kammala ba, ku faɗa mana haka, hannuwanmu suna nan, za mu sake miƙawa. Kuma duk gidan da za ku shiga nan gaba, ku bar musu lambar da za a ɗauka.

Ba mu yi nadamar ba ku jini ba. Mun ga yadda cutar ke yi in an makara, mun ga yadda take yi in an yi sammako. Ko amsar mai ɗaci ce, ku kawo mana ita tun muna da ƙarfin tsayawa mu ji.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya sa maganin wannan cuta ya fito ta hannunku, Ya kare matanku da 'ya'yanku daga gare ta.

Wassalam.

Taku,
Malama Rakiya, Daura.