Ƙafar Yaya a Bayan Kwalaye

Anti Bilqis, don Allah ki taimake ni da shawara, abin da na gani ranar Talata da safe ya hana ni sukuni. Ni ɗan dako ne a Naif, nan Dubai. Karatuna bai yi nisa ba, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Na zo buɗe shagon da nake aiki, sai na tarar mai shagon, Mubashir, ɗan kawunmu, ya riga ni. Ya zaunar da yayana Ɗalhatu a kujera a bakin ƙofa. Yaya tsohon soja ne, nakiya ta cinye masa ƙafar hagu a bakin daga, da ƙafar roba yake tafiya. Ina tsaye Mubashir ya kwance ƙafar nan da hannunsa, ya cusa ta bayan kwalayen takalma, ya naɗe wandon Yaya har dungulmin ya fito fili. Sannan ya gyara hula, ya fesa turare, sai ka ce waya tana jin ƙamshi, ya fara ɗaukar bidiyon neman taimako. Har da share hawaye. Na dubi idon nan, Anti, a bushe yake ƙamas. Aka yi ta sake ɗauka, wai Yaya bai sunkuyar da kai yadda ya kamata ba. Mutumin da ko a gadon asibiti bai yarda an ga rauninsa ba.

Mubashir ne ya kawo Yaya da bizar ziyara, wai zai sa a yi masa ƙafar Dubai mai lanƙwasawa da kanta. Tun zuwansa, asibitin da Yaya ya gani shi ne wanda suka tsaya a gabansa aka ɗauki hoto. Kullum inshallah, kullum shwaiya shwaiya, wato a hankali a hankali, wai masu taimako suna nan tafe. Mubashir ɗin ma ba ya tambayar Yaya ko ya ci abinci sai waya tana kunne.

Ga abin da ya fi damuna. Yaya yana cikin inshorar lafiya ta gwamnati ta tsofaffin sojoji. Abokan aikinsa sun kira, sun ce ana sabunta rajista, kowa sai ya je da kansa ya zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa, kuma an kusa rufewa. Mubashir ya ce wannan inshorar talakawa ce, wanda ya taka Dubai ba ya komawa layin farasitamol. Yaya ya fara yarda, don gaskiya ya sha wuya a can, yau likita bai zo ba, gobe magani ya ƙare. Ya ce ko zai koma ma, ƙaramin asibitin garinmu zai zaɓa, ya huta da zuwa asibitin bariki a Kaduna. To na garinmu ko mai duba ƙafar roba babu. Ga dungulmin ya fara miki, ni nake wanke masa a ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz, har ruwa yake yi. A nan kuwa ba shi da inshorar komai.

Na daɗe ina haɗiyewa, don Mubashir ne ya samo mini aiki, bizata a hannunsa take. In matsa wa Yaya ya koma, ko in ja bakina? Da na yi wa Mubashir magana a hankali, cewa ya yi ƙarya nake, Yaya ne ya cire ƙafarsa saboda zafi. Amma ba ni kaɗai na gani ba. Louisa mai kawo mana abinci tana tsaye da kularta, haka Malam Sharfuddeen na shagon jakunkuna, wanda ya tofar da yawu ya koma ciki.

Ƙanin Soja, Naif

Ƙanin Soja, rubutunka ba shi da laifi, idonka ma haka.

Bari in fara da adalci. Mubashir ya kawo yayanka, ya ba ka aiki, wataƙila ma da kyakkyawar niyya ya fara. Ƙorafin yayanka a kan asibitocin gida kuma ba ƙarya ba ne. Amma mai son a yi wa mutum sabuwar ƙafa wurin likita yake kai shi, ba ya ɓoye tsohuwar a bayan takalma. Yana raina layin farasitamol, shi ko ƙwaya ɗaya bai kawo ba.

Mikin nan shi ne na farko. Ku kai shi a duba a makon nan, kada ku jira masu taimako. Sannan yayanka ya kira ofishin inshorar da kansa, ya ji ranar rufewa daga bakinsu, ya tambayi wane asibiti ne ke gyara ƙafar roba. A ganina ya koma, kuma ya zaɓi na bariki, nisan hanya ya fi sauƙi a kan asibitin da bai san ciwonsa ba. Komawa ba ta hana ƙafar Dubai. In masu taimakon na gaske ne, za su same shi a Kaduna.

Sai dai zaɓin nasa ne. Ka yi masa magana a matsayin ƙane, ku biyu kawai, an juya shi ya isa haka. Shaidunka kuma kada ka tara su don tozarta Mubashir, aikinka zai tafi a banza. Ka roƙi Malam Sharfuddeen, a matsayinsa na babba, ya sami Mubashir a keɓe kan tikitin komawa da goge bidiyon.

In waya ta sake fitowa da safe, ba sai ka ce komai ba. Ka ɗauko ƙafar, ka durƙusa, ka ɗaura wa yayanka abarsa.

Allah ya ba shi lafiya, ya kai shi gida a kan lokaci, kai kuma ya saka maka da alheri.

Anti Bilqis