Dutsen da Ya Ƙoshi

Sundimina, Birnin Kudu
Litinin, farkon damina

Zuwa ga 'yata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma aikin jami'a. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya fito, mahaifiyarki Turai tana gaishe ki. Maƙwabcina Malam Safiyanu ne ke riƙe da biro, ni nake faɗa, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana. Ban kira ki a waya ba don maganar waya ba ta zama.

Kin roƙi in ba ki dutsen gidanmu ki yanki ɓari ki kai ɗakin bincikenku. Amsata tana nan: a'a. Kakanmu na farko ne ya ɗauko shi daga yamma cikin buhun tama, ya sauka a Gwaram, daga can muka zo nan. Jan layi bakwai ne a jikinsa, kowanne da sunan maƙeri: Jatau, Ƙosau, Gwadabe, Barau, Ɗanmarke, Tanko, sai mahaifina Ilu. Layin ya ƙare a kansa, ni ko gurbi ban samu ba. Ba a sa wa kakanni zarto.

Amma abin da kika faɗa mini da Sallah ya ƙi barin zuciyata. Kin ce jan layin nan tsatsa ce. Kin ce an yi zamani, fiye da shekara biliyan biyu, da babu iskar shaƙa a duniya, teku kuma cike yake da narkakken ƙarfe. Sai Allah Ya halicci wasu ƙananan abubuwa kamar gansakuka suna fitar da iskar nan da kuke kira oksijin, ƙarfen ya yi ta shanye ta, yana yin ja, yana kwanciya a ƙasan teku layi-layi. Na yi miki dariya a ranar. Yanzu na daina.

Ummussalma, numfashina yana guntulewa. Daga ɗaki zuwa masallaci sai na tsaya sau biyu. Shekara sittin ina hura zuga-zugi, na san cin iskar ƙarfe fiye da malamanku. Dutsen nan kuwa a ƙarƙashin gadona yake tun rasuwar Ilu. Ki faɗa mini gaskiya: har yanzu yana sha?

Ki gai da yara.
Mahaifinki, Badaru Maƙeri

Sundimina
Alhamis, bayan mako biyu

'Yata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, zazzaɓin ƙaramar kuma ya sauka. Takardarki ta iso, Safiyanu ya karanta mini ita sau uku. Kin ce dutsen ya ƙoshi tun kafin a yi mutum, in tafi asibiti. Haka Turai take cewa, har da kirana tsohon rigima a gaban mutane. Amma ke ba ki taɓa ganin wannan tekun ba, na'ura ce ta ba ki labari. Ni kuwa ƙirjina ne yake ba ni.

Shekaranjiya da hantsi na sunkuya in ɗaura takalmi, sai iska ta ƙi shiga. Na buɗe baki kamar kifin da aka jefa kan yashi, ina ganin Turai tana magana amma ba na jin ta. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Ba mutuwar ba, wannan dole ce. Tsorona shi ne a ce abin da na fi girmamawa a gidan nan shi ke shaƙe ni.

Na fitar da dutsen zaure, sai na tuna nan jikokin maƙwabta suke wasa. Na yi niyyar aika wa ƙanena Manu a Gwaram, sai na tuna matarsa tana da asma. Na ɗauke shi har bakin rafi, sai na ce idan ya shanye wa kifaye tasu iskar fa? Kuma da wane ido zan dubi Ilu idan na jefa sunansa a ruwa? Na dawo da shi ina haki, na kulle shi a maƙera. Safiyanu yana murmushi yanzu, na ce ya rubuta murmushin ma, ki san irin maƙwabtan da Allah Ya ba ni.

Ba zan je asibiti su sa mini roba a hanci ba alhali ɓarawon yana gida. Zan gwada shi da kaina, irin gwajinmu.

Ki sa ni a addu'a.
Mahaifinki, Badaru

Sundimina
Asabar

Ummussalma 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da maigidanki da yara. Allah Ya sa wannan ta same ku lafiya.

Na yi gwajin. Na wasa sabon lauje har ya yi fari tas, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Na wanke dutsen, na naɗe shi a wani tsumman. Na ajiye su gefe da gefe a kan uwar maƙera, kullum ina yayyafa musu ruwa. Jiya, kwana bakwai, na kwance. Laujen ya yi jawur, har tsumman ya rine. Dutsen kuwa yadda Ilu ya bar mini shi, ko ɗigo bai ƙara ba, tsummansa fari. Ƙarfe mai yunwa ba ya kwana bakwai a jiƙe bai nuna ba. Ya ƙoshi. Kin yi gaskiya, kada ki saba jin haka daga bakina.

Na ɗauka zan ji sanyi, sai tsoron ya ƙaru. Da dutsen ne, da na san inda zan kai shi. Ashe ɓarawon yana cikin ƙirjina, hayaƙin gawayin shekara sittin ne, shi kuwa ba a kulle shi a maƙera. Na zauna ina duban layukan nan. Idan har sai da ƙarfen teku ya ƙoshi kafin sauran iska ta zama tamu, to duk numfashin da na taɓa yi saura ne da wannan dutse ya bari. Ni kuma na kira shi ɓarawo.

Ranar Litinin Safiyanu zai kai ni asibiti a Birnin Kudu. Ki zo. Ki taho da zartonki. Sharaɗina biyu ne. Na farko, kafin ki taɓa shi, ki ɗora yatsa ki faɗi sunayen bakwai ba tuntuɓe, don bayana babu mai riƙe su sai ke. Na biyu, kin ce a ƙarƙashin na'urarku akwai sirara-siraran layuka da ido ba ya gani. Idan kin yanka kin sami ɗaya kusa da na Ilu, komai sirantakarsa, ki sa masa Badaru.

Turai tana gaishe ki, ta ce ki zo da wuri kafin in canza ra'ayi.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Badaru Maƙeri