Ƙungiyar Ba Ni

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da su Auta? Ya ƙafar Baba?

Ni lafiya lau. Tsayuwar wankin mota tana cin gwiwa, ɗakina kuma ya cika shiru, amma kada Inna ta ji.

Albishirinka! Mun kafa ƙungiyar ƙwallo. Mu huɗu muka fara, duk abokan aiki, a bayan gareji, bokitai ne ragarmu. Kowa da yarensa. Ni kuwa ka san halina, ihu kawai nake, "Ba ni! Ba ni!" Sai suka ɗauka sunana ke nan. Yanzu mun yi yawa, mun ɗinka riguna, sunan ƙungiyar ma Ba Ni. Har mai garejin, da uban tumbinsa, haka yake ihu.

Ranar Lahadi muka yi nasarar farko, kuma ni na ci ƙwallon.

Ka tuna yadda nake roƙonka a filin bayan gida, kana yin kunnen uwar shegu? To, nan an ba ni. Ka turo hotonka in nuna musu marowacin.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninka