Ɗan Gidan da Na Sayo a Bankok

Laraba, bayan isha'i, Lanham.

Sati biyu ke nan da dawowarmu daga Bankok. Mun shiga kwalekwale a kasuwar kan ruwa, mun ga fadar sarki, amma ɗan gidan katakon da na sayo tsaraba ne ya tsaya mini a rai. Na ga irinsa a ƙofar kowane otal, na ɗauka ado ne, na ajiye shi a falo.

Yau a asibiti na nuna wa abokiyar aikina 'yar Tailan hotonsa. Sai ta daina murmushi. Ta ce aljanu ake gina wa, a riƙa ba su jan lemo don kada su shigo gidan mutane.

Da na dawo, na tarar da kofin zoɓo a gabansa. Hanifa ce ta ajiye, 'yata mai shekara biyar. Wai tsohon ne ya ce yana jin ƙishirwa. Ni kuwa ban gaya wa kowa zancen lemon ba.

Na karanta Ayatul Kursiyyu, na ƙulle gidan a leda, na kai bola. Ina lulluɓe Hanifa ta ce, "Mama, to yanzu a ina zai kwana?"