Kwas Ɗin Ƙididdiga Da Ranar Bikinmu

Zuwa gare ki, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ke sauka bayan ƙasa ta gaji da jira, inuwar da nake fakewa in rana ta take. Zuwa ga 'Yar Tambaya, wadda ta shigo shagona da biro da takarda, ta fita da hankalina ba ta dawo da shi ba.

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kukan jiya ya tsaya. Tun da kika kashe waya nake juya maganarki, har na miƙa wa wani bakanike fulogi alhali filtar mai ya nema. Kin ce malamar da ke ba ku shawara a sashen kimiyyar bayanai ta duba kwasa-kwasanki, ta ga saura ɗaya na dole, na ƙididdiga. Ba a barin ɗalibi ya taɓa aikin kammalawa sai ya ci shi, a zango ɗaya ake koyar da shi, zangon kuwa ya wuce. Ke nan sai baɗi. Babanki kuma ya riga ya kafa sharaɗi: babu biki sai da digiri a hannu. Sai kika ce kin samo mafita, za ki koma wani fanni na kusa wanda zai karɓi makin da kika tara, ki gama bana, a yi bikinmu a ranar da aka sa. Kin ce ranar Litinin za ki sa hannu, kuma saboda ni za ki yi.

Saboda ni? Wayyo, abar ƙaunata! Ashe har yau ba ki san abin da ya kama ni a tare da ke ba?

Bari in tuna miki. Wani kwas ne ya fara aiko ki wurina, wanda ake tura ku ku kalli yadda mutane ke neman abu. Abokan karatunki suka nufi ofisoshi masu sanyi, ke kuwa kika zaɓi shagon kayan gyaran mota mai warin baƙin mai, inda ko kujerar kirki babu. Kika kaɗe kwali kika zauna gefen kantar birki. Ni kuma ina ta hura hanci, ina jira ki tambaye ni sunayen kaya in burge ki. Ina! Ko kallon kayan ba ki yi ba, mutane kike kallo. Da za ki tafi kika ce: "Malam, masu zuwa nan ba da sunan abu suke zuwa ba fa, da ƙararsa suke zuwa. Wannan ya ce motarsa na kuka, wancan ya ce tana tari. Kai kuma tambayoyinka iri ɗaya ne kullum, a jere ɗaya, ba ka ma sani ba." Wallahi a shagon nan na tashi, amma ban taɓa jin yadda nake aiki ba sai a bakinki.

Daga nan kowane zango da abin mamakin da yake kawo mini. Zangon rumbun bayanai kika kwashe kantocina kaf kika zuba a 'yar kwamfutarki, kowane noti da danginsa, kowane bel da motocin da yake shiga. Zangon rubuta manhaja kika yi ta faɗa da kwamfutar, kina ce mata, "Me kuma na yi miki yau?" har ranar da ta sauko ta bi umarninki. Kin tuna Kawu? Mutumin da hira da iskar fanka kaɗai ke kawo shi shago, wanda bai san bambancin fulogi da murfin kwalba ba! Ya danna "tana tari", ya amsa tambayoyin nan nawa da kika zuba a manhajar, kwamfuta ta nuna masa kanta da kwali, ya ɗauko wa mutum abin da yake nema. Har gobe yana gaya wa jama'a shi ma tsohon bakanike ne. Sai zangon amanar bayanai, da kika sa ni goge lambobin wayar masu sayayya da na rubuta a bango, kika ce sirrin mutane ne ba ado ba. Na goge ina gunaguni, girmanki kuwa yana ta ƙaruwa a raina.

Wace irin baiwa ce wannan Allah ya yi miki? Ni in na ga tarin kaya, tarin kaya na gani. Ke in kin duba sai ki ga hanyoyi a ciki, kamar makiyayin da ya san kowace dabba a garken da baƙo ke wa kallon abu guda. In kina wannan aiki fuskarki canzawa take, kina ciza bakin biro, idonki na ƙyalli, kin manta da ni da duniya baki ɗaya, ni kuwa sai in tsaya baki sake ina kallon ikon Allah. Wannan yarinyar nake so! Ita za ki ajiye a teburin malama ranar Litinin, ki fito ki ce don ni kika yi?

Na san abin da ke cin ki, kunya ce. Mai tsara wa duniya bayanai, ga nata tsarin ya zame mata! Ki bar ni in yi dariya kaɗan, ai na daɗe ina neman inda kike kuskure. Kowane zango sai ki ce ƙididdiga ba guduwa za ta yi ba, bari ki ɗauki na zaɓi tukuna: na zana bayanai a hoto, na adana tsofaffin takardu, na kaza da kaza, kamar wadda aka saki a lambu aka ce ta tsinka son ranta. Ba lalaci ne ya ja miki ba, kwaɗayin sani ne. In laifi ne, irinsa nake fata 'ya'yanmu su gada.

Ba zan yi miki ƙarya ba, shekara tana da tsawo, kuma raina ya sosu. Ɗakinmu an gama fenti. Labulen da kika zaɓa yana nan a ninke cikin leda, nakan shiga in tsaya in fito ban san me na je yi ba. Innata ta riga ta sanar da wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Ina kewarki kina raye a gari ɗaya da ni, to ina ga an ƙara mini wata goma sha biyu? Amma sauri ya haifi nawa, masoyiya. Shekara zan iya haɗiye ta. Abin da ba zan iya ba shi ne mu tsufa tare, duk sanda aka ambaci karatun nan in ga kin kau da kai, in kuma san ni ne sanadi.

Shi ya sa yau da safe na rufe shago na tafi wurin Babanki. Ki gafarce ni da na riga ki kai masa labarin. Na durƙusa na ce a ɗaga ranar zuwa baɗi. Ya sauke tabarau ya daɗe yana dubana, sannan ya ce: "Yaro, lafiyarka kuwa? Duk yayyenta da na aurar, roƙona ake in matso da rana. Kai ne na farko da ya zo neman a ƙara masa jira." Na faɗa masa dalili. Bai yi faɗa ba. Ya juya kai wajen taga, ya yi gyaran murya, ya ce: "Tashi ka je, Allah ya yi maka albarka. Na ɗaga."

To, rabin raina, ranar da kike son cetowa ta riga ta tafi, sa hannunki ba zai dawo da ita ba. Ki share hawaye. Ranar Litinin ki je wurin malama ki ce kina nan a fanninki, ta sa sunanki a ƙididdiga. Ni ina nan inda kika bar ni, ba zan gaji ba, ba zan waiwayi kowa ba, ko da an sake gano wani kwas ɗin a bayan wannan.

Kanikawan layinmu sun ji labari, sun kuma raɗa mini suna. Tun da rana suke ƙwala mini shi daga tsallaken titi suna dariya. Ni kuwa amsawa nake, da ƙarfi ma.

Naki ke kaɗai, bana da baɗi da duk abin da Allah ya ƙaro bayansu,

Angon Baɗi